Walima a Gindin Jirgi

Tun da teku ya janye ya bar garin Moynak cikin rairayi, Tazagul ta mai da tsohon jirgin kamun kifin mahaifinta wurin walima. Ba ta karɓar fiye da mutum goma sha biyu. A inuwar jirgin take shimfiɗa darduma, ta jera gurasa da soyayyen kifin kasuwa da shayi mai madara.

Ran nan wasu mutanen birnin Nukus ne suka zo taya malaminsu murnar ritaya. Mahaifinta Orazbay kuwa, kamar kullum, ya lallaɓa ya hau tsani da kwanonsa, ya zauna can saman jirgi shi kaɗai.

Wani baƙo mai ƙaton tumbi ya ɗaga kai. "Dattijo, a sauko mana! Ko jira ake ruwa ya dawo a tuƙa mu?"

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama Tazagul. Shekara shida tana fama da wannan hali na mahaifinta, duk a zatonta girman kai ne.

"Baba, don Allah yau dai ku sauko," ta ce. "Ƙasa ce fa, ba ruwa ba."

Tsohon ya kurɓi shayi, ya leƙo.

"A wurinku ƙasa ce. Nan inda kuka shimfiɗa, zurfinsa gaba biyar ne. A nan ƙanena ya faɗa ruwa, ko gawarsa ba mu gani ba. Ku ci abinku, 'yata. Ni dai ba zan zauna a kansa ba."

Tazagul ta tsaya da butar shayi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta.