Likitan Haƙori Mai Wawulo

Shekara goma sha ɗaya ina yanka takarda a maɗaba'armu. Dubban littattafai sun bi ta ƙarƙashin wuƙar injina, amma ban taɓa buɗe ko ɗaya na wuce bango ba. Sai aka kawo mana sabon manaja, mai tabarau da ƙaramar jaka a kafaɗa. Ya ce abin kunya ne masu buga littafi su zauna ba karatu. Daga yanzu, duk Laraba bayan hutun rana, kowa zai faɗi abin da yake karantawa.

Larabar farko muka zazzauna a kan tulin takardu. Dogo, mai tuƙa babban inji, ya ce yana karanta littafin gyaran injin, har ya kai babin giris. Manaja bai yi dariya ba. Anti, dattijuwar da ke ɗinke littattafai tana shafa musu gam, ta ce a tsallake ta, hannunta ya yi danƙo.

Da aka zo kaina, haƙorina na ciwo, bakina kawai ya buɗe.

"Wani nake karantawa, ranka ya daɗe. Labarin likitan haƙori ne, shi kuma ba shi da haƙori ko ɗaya a bakinsa."

Manaja ya gyara zama. Na ci gaba da zubawa: likitan yana aiki da ƙyalle a baki don kada a gani, matarsa ce kaɗai ta sani, kuma duk ranar da suka yi faɗa sai ta ce za ta tona. Aka yi ta dariya. Na koma wurin aikina ina jin kaina wani babba.

Mako na biyu manaja ya ce in ara masa. Na ce yana hannun surukina. Mako na uku na ce surukin ya yi tafiya. Ina cikin ƙara wa likitan sabuwar masifa, sai Dogo ya ɗaga hannu.

"Ba haka aka yi ba. Ni ma na karanta. Ba matar ce ta tona shi ba, atishawa ya yi ƙyallen ya faɗi."

Na dube shi, ya dube ni, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Dogo ya fi ka gaskiya," in ji manaja, yana gyaɗa kai. "Yanzu na tuna. Na karanta shi ina jami'a. Mako mai zuwa ka kawo shi mu raba gardama."

Da aka watse, Anti ta kira ni teburinta. Ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"Ɗana, likitan nan naka, a wane asibiti yake?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Je ka faɗa musu. Ƙaryar ta yi maka yawa, ga mutum biyu sun shigo suna taya ka ɗauka."

Ranar Laraba na miƙe, na ce babu littafin, ni na ƙirƙira.

"To ni wanne na karanta?" in ji Dogo.

Manaja ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga. Can ya ce ƙila wani ne mai kama da shi.

Anti ce ta cece mu. Ta jawo wani littafi daga jakarta, wanda muka buga bara, bangonsa ya karkace aka jefar. Ashe duk wanda ya lalace gida take kai shi ta karanta. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da suka gaji motar haya, ba wadda ta iya tuƙi. Ta ba mu rabi, daidai inda motar ta kama gangara ba birki, ta rufe bakinta. Dogo ya roƙa har da rantsuwa, ta ƙi.

Aka yi layin aro. Manaja ya ce shi ne babba, ya riƙe mako biyu, ya dawo da shi da shatin kofin shayi a shafi na tara. Yana miƙo mini a bakin ƙofa ya ce, "Za ka ji daɗinsa. Ƙaramar ce ke sayar da motar a ƙarshe."

Na karanta shi duk da haka, cikin kwana huɗu. Amma har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da mutumin nan.