Ƙasa da Dubu Biyar

"Mama, ba ma karɓar kati sai ciniki ya kai dubu biyar."

Karo na tara ke nan tun safe da mai jiran kantin ta faɗi wannan magana, kuma duk faɗi sai ta ji kamar ta tauna ƙwayar magani ba ruwa. Tsohuwar da ke gabanta ta tsaya da kati a hannu, ɗaya hannun kuma riƙe da kwalin maganin hawan jinin da ya ƙare.

"'Yar nan, nawa ne maganin?"

"Dubu ɗaya da ɗari takwas."

"To ai akwai su a ciki. Jiya ɗana ya turo."

Daga can ciki, inda yake zaune kan kujera yana yanke farce, Kawu ya ɗaga murya. "Ki nuna mata kwandon mana."

Kawu ƙanen mahaifiyarta ne, shi ke da kantin maganin. Shi ya ɗauke ta aiki bayan ta gama karatu ta yi shekara biyu tana zaman jira a gida, kuma ba ya bari ta manta da hakan. Kwandon kuwa yana nan gefen na'urar karɓar kati, cike da sabulun da ya bushe ya tsage, da alewar tari da ta manne da ledarta, da ƙwayoyin ƙarin jini da saura wata guda su lalace. Kawu yana kiran su cikon ciniki.

Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne ita ta karanta masa takardar kamfanin da ya kawo na'urar, ranar da ya manta tabarau a gida. A rubuce yake ɓaro-ɓaro: ba a yanka wa mai saye iyaka, ba a ƙara masa ko sisi don ya biya da kati. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya sa hannu, sannan ya miƙo mata kwali da alƙalami ya ce ta rubuta sanarwar dubu biyar ɗin, wai rubutunta ya fi kyau. Duk ranar da ma'aikacin kamfanin zai zo, ita ce ke cire kwalin ta ɓoye bayan firiji.

Tsohuwar ta sunkuya kan kwandon. Ta ɗauki sabulu ta sunsuna, ta ɗauki alewa, ta juya kwalbar ƙwayoyin da ba ta san amfaninsu ba.

"Sun kai?"

"Sun kai, Mama. Sai ƙarin ɗari uku na kati."

Na'urar ta yi ɗan tunani, ta tofo takarda. Kuɗin ciki bai isa ba.

"Ashe bai kai haka ba," in ji tsohuwar, tana yi wa mutum biyun da ke bayanta murmushin kunya. Ta shiga mayar da kayan kwando ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda aka kama da sata.

"Mama, ki je ki ciro tsaba ki dawo," in ji Kawu, bai ko ɗago ba. "Maganin ba gudu zai yi ba."

"Gwiwar ce, ɗan nan. Da ƙyar na kawo nan."

Ta fita tana dafa bango.

Ita kuwa mai jiran kantin ta sallami mutum biyun. Ta gilashin ƙofa tana hango tsohuwar a bencin tashar bas, kwalin a cinyarta. Bas ta zo ta wuce, ba ta tashi ba.

Can Kawu ya karkaɗe farcen daga rigarsa, ya ce zai leƙa kantin maƙwabci ya sayo wayar caji. Yana shan kwana ta fita da gudu, ko takalmi ba ta gama sawa ba.

"Mama, taso. Kawo katin."

Dubu ɗaya da ɗari takwas cif ta danna. Na'urar ta karɓa ba gardama. Tsohuwar ta ɓare sabon kwalin nan take, ta haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwan da ta tsiyayo mata, ta riƙe hannunta tana sa mata albarka har sai da ta ji nauyi. Da tsohuwar ta tafi, ta tsaya tana kallon rasit ɗin. Kawu yana bin rasit ɗaya-ɗaya kafin a rufe. Ta yi tunanin mahaifiyarta, da irin wayar da za a buga mata.

Sai ga shi ya banko ƙofa yana huci.

"Kin ji ɓarayin banza! Wayar caji ta dubu ɗaya, wai sai na ƙara ɗari biyu don na ba da kati. Ni! Shekara nawa muna maƙwabtaka?" Ya zube kan kujera yana fifita da hula. "Mutane yanzu sam ba sa tsoron Allah."

"Wallahi kuwa, Kawu," ta ce.

Ta miƙe rasit ɗin da yatsa, ta ɗora shi a saman sauran.