Takalmin da Na Zaɓar wa Vlasta

Sai a tsakiyar watan Nuwamba na yarda cewa takalmina na zamiya a kan ƙanƙara ya gama yi. Fatar ta karye a daidai idon sawu, ta yi wani layi mai zurfi da yatsa zai iya kwanciya a ciki. Duk lokacin da na yi tsalle na dira a kan ƙanƙara, sai ƙafar dama ta kwanta ciki kamar an ture ni. Na yi ta ƙara tamke igiya har bayan ƙafata ya yi shuɗi, amma a banza.

Dagmar, wadda take horar da mu, ta tsugunna a bakin fili ta matsa wuyan takalmin da yatsu biyu, ya lotse kamar burodi.

"Radim, wannan ai silifa ne," in ji ta. "Ka je Brno shagon takalman Pani Hedvika ta auna ka. Kuma kada ka kuskura ka saya ta intanet."

Na ce to. Amma sai da na yi mako uku ban je ba, kuma ina da dalili.

Shekarata hamsin da ɗaya, aikina duba walda a wata masana'antar ƙarfe a nan Ostrava. Ina da arba'in da uku na fara zamiya, bayan likita ya ce in rage tumbi. Mu goma sha biyu ne a rukunin manya, muna haɗuwa ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi, kafin 'yan wasan hoki su karɓe filin. Ba gwani ba ne ni. Ina tsalle mai juyi ɗaya, ina iya yin katantanwa sau biyar ko shida kafin jiri ya kama ni. Amma ni ne mai karance-karance a cikinmu, don haka ni ake tambaya game da takalmi da wasa wuƙar ƙasansa. Ni kuma ina son a tambaye ni.

Vlasta tana cikin rukunin a da. Mai raba wasiƙu ce, 'yar ƙaramar mace mai shekara hamsin da shida, mai dariyar da ake jiyowa daga ɗaya ƙarshen filin. Shekara biyu da suka wuce takalminta na 'yan koyo ya gaji. Ta je Brno aka auna ta, Pani Hedvika ta ware mata wani mai ɗan laushi, ita kuma ta ce bari ta yi shawara. Ni ne shawarar. Ta same ni muna shan kofi bayan horo.

"Kai da ka san komai, me ka gani?"

"Mai laushi?" na ce. "Don ya lalace cikin shekara ki koma ki sayi wani ke nan. Vlasta, shekara ashirin ina aiki da ƙarfe. Abu mai tauri shi ne yake riƙe mutum, shi ne yake daɗewa."

Nan take na fito da wayata na zaɓar mata mafi tauri, irin wanda zakaru suke sawa. Na kuma rage mata rabin lamba, na ce fata tana buɗewa. Ban taɓa shiga shagon Pani Hedvika ba, amma na yi maganarta kamar na kama ta tana cuta.

A lokacin Dagmar tana hutun haihuwa, wanda ya riƙe mu kuma ɗan hoki ne, ba ruwansa da takalman mutane. Sau uku Vlasta ta yi mini ƙorafi. Ta ce gwiwarta ta ƙi lanƙwasuwa, ta ce ji take kamar an zuba mata siminti a ƙafa. Sau uku na ce ta daure, zai saba da ita. A Lahadi ta shida ta zo juyawa daga gaba zuwa baya, wani abu da ta yi shekaru tana yi ba tare da tunani ba, sai ta tafi ta baya gaba ɗaya. Ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Unguwar da ta yi shekara ashirin tana zagawa da jakar wasiƙu aka ba wani, ita kuma aka zaunar da ita a bayan kantar gidan waya.

Na kai mata furanni asibiti. Ta ce, "Tsufa ne kawai. Me ya kai tsohuwa kan ƙanƙara?" Na gyaɗa kai. Wani abu ya ɗan motsa a raina a ranar, na danne shi. Daga baya na rage zuwa gaishe ta, har na daina.

To, ranar wata Asabar a Disamba na hau jirgin ƙasa zuwa Brno da tsohon takalmina a jaka. Shagon yana ƙasan wani tsohon gini, sai an sauka matakala, ga warin fata da gam. Pani Hedvika ta kusa saba'in, tabaraunta na rataye a wuya da igiya. Ta karɓi takalmin ta juya shi ta leƙa ciki.

"Ka ci amfaninsa, har ka ci na jikansa," in ji ta. "Cire safa, Radim. Tsaya a kan takardar nan."

Ta zana kowace ƙafa da fensir, ta auna faɗi da awon tela. Ta ce ƙafata ta dama ta fi ta hagu tsawo, gabanta yana da faɗi, dunduniyata kuma siririya ce. Shekara takwas ina zamiya ban san haka ba. Ta tambayi nauyina, da awa nawa nake yi a mako, da irin tsallen da nake yi.

"Mai juyi ɗaya," na ce. "Amma mafi tauri nake so. Wanda zai daɗe."

Ta sa tabarau ta dube ni. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ciki ta fito da kwali, ina ganin takalmin na gane shi. Irin na Vlasta ne sak, sai dai wannan baƙi ne. Ta ɗaure mini shi da kanta.

"Miƙe. Yanzu lanƙwasa gwiwa, kamar za ka tashi tsalle."

Na gwada. Ƙaurina ya daki wuyan takalmin ya tsaya cak. Na ƙara matsawa, sai nauyina duk ya koma dunduniya, na tafi ta baya. Da ban cafki katakon kantar shagon ba da na zube a ƙasa.

"A nan katako ka samu," in ji ta. "A kan ƙanƙara me za ka kama? Wannan an yi shi ne don yaran da suke juyi uku a sama, suna dira sau ɗari a rana da ƙarfin da zai karya takalmi irin naka cikin wata guda. Su suna iya lanƙwasa shi. Kai ba za ka iya ba, shi zai riƙa juya ka. In idon sawu bai lanƙwasu ba gwiwa ba ta aiki, in gwiwa ba ta aiki baya za ka faɗi."

Hannuna yana kan katakon, na kasa sakinsa.

Ta kawo guda uku masu matsakaicin tauri. Na farko ya matse mini ƙaramin yatsa. Na biyu dunduniyata tana ɗagawa a ciki. Na uku ya zauna daram, na durƙusa a cikinsa har gwiwata ta wuce yatsuna. Ta sa shi a wata 'yar tanda ya yi ɗumi, ta mayar mini a ƙafa, ta ce in zauna kada in motsa sai ya huce. Ta ce wuƙaƙena na da suna da sauran rai, za ta mayar da su kan sabon.

Ina zaune ta ɗauko wani babban fayil da take ajiye zanen ƙafafun mutane gari-gari. Ta buɗe wajen Ostrava za ta sa nawa, sai ta tsaya a kan wata takarda.

"Ka ga wata 'yar ƙafa. Vlasta. Na tuna ta, mai dariya. Wata guda na ajiye mata takalmi ba ta dawo ba. Ka san ta?"

"Na san ta."

"Tana zamiya har yanzu?"

"Ta daina."

"Kash. Kuma tana da gwiwa mai kyau."

"Pani Hedvika, mace irinta, in aka sa mata wancan na farkon da kika ba ni, kuma aka rage rabin lamba fa?"

"Wa zai yi mata wannan muguntar?" in ji ta, tana neman sukundireba a aljihun tebur. Ba ta ko ɗago kai ba.

A jirgi kwalin yana kan cinyata har Ostrava. Na sayi burodi da tsiran alade a tasha, na kasa ci.

Washegari Lahadi na shiga fili da sabon takalmi. Pani Hedvika ta ce zai yi mini ciwo na 'yan makonni, kuma ya yi, amma tun zagayen farko na ji bambanci. Gwiwata ta sauka inda ba ta taɓa sauka ba. Na dira daga tsalle ba ko girgiza. Dagmar ta tafa ta ce, "Ashe dai ka iya!" Duk abin da ya yi mini daɗi a ranar sai ya koma mini ɗaci, don na san irin wannan ne aka ware wa Vlasta na hana ta. Ban tsaya shan kofi ba. Na sa takalmin a mota na wuce Poruba, unguwar da Vlasta take zaune.

Ta buɗe ƙofa da sanda a hannu ɗaya, cokalin miya a ɗayan. Gidan yana ƙamshin miyar tafarnuwa.

"Kai! Radim? Na ɗauka ka mutu an manta ba a gaya mini ba. Shigo, cire takalmi."

Ta ja ƙafa zuwa kicin, na bi ta. Ta zuba mini miya ban roƙa ba. Ta tambayi Dagmar da jaririnta, wanda yanzu har yana gudu. Na ga in na ɗanɗana miyar nan ba zan iya magana ba, sai na ture kwanon gefe.

"Vlasta, jiya na je Brno."

Na gaya mata duka. Yadda na kusa faɗuwa a shago, da abin da matar ta ce, da zanen ƙafarta da yake cikin fayil har yanzu. Na ce ba tsufa ne ya kayar da ita ba, takalmin ne, kuma ni na zaɓa. Na ce tun a asibiti na yi zargin haka na yi shiru.

Ta kashe wuta a ƙarƙashin tukunya. Ta tsaya ta ba ni baya.

"Sau uku na gaya maka," in ji ta.

"Sau uku."

"Ka san abin da na yi shekara biyu ina gaya wa kaina? Cewa ni wawuya ce. Ɗana ya ce dama ya faɗa mini. 'Yar'uwata ta ce mai shekaruna saƙa ya kamata ta koya. Na ce gaskiyarsu. Kullum ina zaune bayan gilashi ina buga hatimi, ina kallon yaron da aka ba unguwata yana fita da jakata, ina cewa ni na jawo wa kaina." Ta juyo. Ba kuka take yi ba, fuskarta ce ta yi ja. "Ashe na iya. Ashe matsalar ba daga wajena take ba."

"Kin iya. Matar ma ta ce kina da gwiwa mai kyau."

"Rufe mini baki da gwiwa mai kyau! Yanzu me ka zo nema? In ce ba komai, ka koma gida ka ji sanyi?"

"Ban sani ba. Na dai ga ya kamata ki sani."

"To na sani. Tashi ka tafi."

Ina ɗaura igiyar takalmina a bakin ƙofa ta leƙo daga kicin.

"Har yanzu kana ba mutane shawara?"

"Suna tambayata."

"To ka je ka gaya musu abin da ka gaya mini. Dukkansu, a tsaye, ba a kunnen mutum ɗaya ba."

Lahadi ta gaba na yi. Kafin a shiga fili, ana zaune a kan benci ana ɗaure igiya, na miƙe na faɗa. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce ba laifina ba ne. Wata mata da na taɓa zaɓar wa takalmi bara ta cire nata a hankali ta miƙa wa Dagmar. Dagmar ta matsa shi, ta sa ta durƙusa a ciki, ta ce ya yi mata tauri amma ba sosai ba, ta bar ƙugiyar igiya ta sama a buɗe na wata biyu. Sannan ta ce a shiga fili, lokaci yana tafiya.

Vlasta ba ta dawo zamiya ba. Likitanta ya ce faɗuwa ta biyu a kan wannan ƙugun za ta iya zaunar da ita gaba ɗaya. Na rubuta mata saƙo lokacin Kirsimeti, ba ta amsa ba.

A ƙarshen Janairu wayata ta yi ƙara ina wajen aiki. Ita ce. Ba gaisuwa. Ta ce an sa mata motsa jiki a cikin ruwa duk Alhamis ƙarfe huɗu a can ɗaya gefen gari, ɗanta ya koma Praha, hawa taragon lantarki da sanda a kan dusar ƙanƙara kuma yana ba ta tsoro. Na ce zan zo. Na nemi a sauya mini lokacin aiki na ranar Alhamis, aka sauya.

Yanzu wata na uku ke nan ina kai ta. A kujerar baya take zama. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Makonnin farko ko uffan ba ta cewa, sai in ta sauka ta ce, "Ƙarfe biyar." Alhamis ɗin da ta wuce muna gangarowa daga gada ta buga bayan kujerata da sanda, ta ce in rage gudu, ba buhun dankali na ɗauko ba. Na rage.