Kabarin Fir'auna a Bayan Famfo

Shekara goma sha tara ina kula da lambun shaƙatawar da ke bayan tashar mota, kuma babu abin da ban tsinta ba a cikin ciyawa: makullai, takalmi wari guda, har haƙoran roba na wani bawan Allah. Amma kabari kam, sai ranar Litinin ɗin nan.

Famfon ban ruwa ne ke yoyo. Na durƙusa zan ɗaure shi, sai na ga wani bulo a jikin katanga yana motsi, na zare shi. A bayansa akwai ɗan akwatin ƙarfe mai ruwan zinari, an zana masa ido da tsuntsaye da wani mutum mai kan kare, an rufe shi da kwado mai lambobi. Ni ba ni da haƙurin lambobi. Na sa almakashin yankan fure na ɓalle shi.

A ciki akwai wata 'yar gawa kamar tsawon yatsa, nannaɗe da bandeji, da buzuzun roba, da ƙaramin littafi a leda wanda ban damu da buɗewa ba. Sai takarda: "Wannan kabarin Fir'auna ne. Duk wanda ya shiga bai warware tambayoyi uku ba, la'ana za ta riga shi isa gida."

Na ja tsaki. Duk unguwa an san ni da yi wa masu irin wannan tsoro dariya. Na jefa buzuzun a aljihu, na mayar da akwatin, na ci gaba da aikina.

Da la'asar ina isa gida na tarar da maƙwabciyarmu a bakin ƙofa. Ta ce matata ta faɗi a gaban keken ɗinkinta tana riƙe da ciki, an wuce da ita asibiti.

Buzuzun nan ya yi mini nauyi a aljihu kamar dutse. Likita ya ce sai an yi aiki ranar Laraba. Ya yi bayani mai tsawo, ban ji ko rabi ba. Ranar Talata da sassafe na mayar da buzuzun, na sayi sabon kwado mai makulli na rufe akwatin, har haƙuri na ba shi, ni da nake dariyar mutane. An yi aikin lafiya, amma zazzaɓi ya ƙi sauka. Kullum zan zo in ajiye mata kwano, in tsaya a bakin taga ina kallon motoci, don na kasa haɗa ido da ita. A raina na gama yanke hukunci cewa ni na jawo mata.

Ranar Juma'a da hantsi na tarar da wata dattijuwa mai tabarau durƙushe a bayan famfo, akwatin a cinyarta, tana harare-harare.

"Baiwar Allah, ajiye abin nan!" na ce. "Wallahi ba alheri ba ne."

"Kai ne ka canja mini kwado?" ta ce. "Mutum biyu sun rubuto mini sun warware lissafi, amma sun tarar da kwado marar lambobi."

"Naki ne?"

"To na wa? Na Fir'auna?"

Tsohuwar malamar tarihi ce, ta ajiye aiki bara. Ta nuna mini a wayarta: wasa ne da mutane ke yi a ko'ina. Ka ɓoye akwati, ka sa tambayoyi a intanet, amsoshin su ba da lambobin wurin a taswira da na kwadon. Wanda ya gano sai ya sa hannu a littafi, ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye wani.

"La'anar fa, Malama?"

"Don ado ce kawai. Ni na rubuta ta a kan teburin kicin. Gawar ma maƙalin shanya ne, buɗe ka gani."

Ban yi dariya ba. Na zauna a kan bokiti na kwashe komai na gaya mata, babba da ni. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Me likita ya ce yana damunta?"

"Wai tsakuwa a maɗaciya."

"Malam, wannan tsakuwa shekaru take yi tana taruwa. Akwatina watansa takwas." Ta karɓi makullin daga hannuna ta buɗe, ta miƙo mini littafin. Sunaye sittin da uku. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya. "Ka ga wannan? Shi ma bai warware komai ba, lambobi ya yi ta juyawa har ya dace. Shekaranjiya na gan shi yana gudu a bakin titi, ya fi ni da kai lafiya."

Ta yage takardar la'anar a gabana, ta ce ba ta taɓa tunanin mai lambu ba, ta roƙe ni gafara. Na yi ajiyar zuciyar da ban yi ba tun Litinin.

Da azahar na isa asibiti. Zazzaɓin ya sauka, matata na zaune ta jingina da filo. Wannan karon ban je taga ba. Na ja kujera na ba ta labari tun daga famfo, ina jiran ta tuntsire da dariya, don ta samu abin tsokanata har tsufa.

Sai na ga hawaye.

"Baban yara, shi ke nan? Akwati?"

"Shi ke nan."

"Ka rantse."

Na rantse.

"Kwana huɗu ba ka kalli fuskata ba," ta ce. "Na ɗauka likita ya gaya maka ba zan tashi ba, kana ɓoye mini. Jiya har na kira ƙanwata na gaya mata wanda za ta bai wa kekena."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta matsa gefe a hankali tana dafe wurin ɗinkin.

"Taso daga kujerar nan," ta ce. "Zauna nan inda zan gan ka."