Kwaɗon Inna Nasara

Bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu da ke bayan Yargoje, sau ɗaya Tabita ta koma can, ranar da aka binne uwar mijinta, Inna Nasara. Ba ta tarar da abin ɗauka ba, don ko tabarma ba a bar musu ba. Sai ta zagaya bayan ɗakin tsohuwar, ta tono saiwa uku ta namijin dayi, ta ƙulle a bakin zanenta.

A Mairuwa suka sauka, ita da uban mijinta, Baba Ubale. Mijinta Istifanus yana Kudu wajen ƙwadago. Wata baiwar Allah mai suna Lauratu ta ba su ɗakuna biyu da ɗan fili a bayan gida.

Tun da suka zo Baba Ubale ya juya wa abinci baya. Tuwo ne ko kunu, sai ya taɓa ya ture. Wata rana Tabita ta durƙusa za ta ɗauke kwano, ta ji ya ce, idonsa na kallon bango, "Da dai zan samu kwaɗon tsohuwar nan."

Tabita ta san wanda yake nufi. Namijin dayi ganye ne mai tsaga-tsaga da ke kwanciya a ƙasa, in an tsinke shi ya fitar da farin ruwa kamar nono. Ɗaci gare shi, sai an tafasa sau biyu an matse kafin a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Inna Nasara ta sha gaya mata cewa ba ya son fartanya, ba ya son kunyar gona. A bar shi cikin 'yan'uwansa ciyayi su yi masa inuwa. Kuma ba a yankarsa sai ya yi fure ya saki iri.

Haka ta yi. Ta binne saiwoyin a kusurwar filin ta ƙyale su. Damina ta sauka, harƙiya da tafasa suka rufe wurin har gwiwa.

"Tabita, macizai kike kiwo a bayan ɗaki?" in ji Lauratu tana dariya. "In sun haihu a ba ni ɗaya."

Tabita ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ta taɓa jin matan unguwa suna cewa mutanen daji har abincin awaki suke ci. Shi ya sa bakinta ya yi nauyi.

Kullum da safe takan buɗa ciyawa ta duba. Duk ukun sun kama, ɗaya har ya miƙe kara ya ɗaure fure. Baba Ubale yana ta ramewa, amma ta daure. Mako ɗaya kawai, ta ce a ranta, iri ya zuba, sai ya ci har ya gaji.

Ranar Laraba ta kai shi asibiti a Faskari. Da la'asar suka dawo, tun daga zaure ta ji hayaniyar mata a bayan gida. Ta shigar da shi ɗaki, ta zagaya.

Fili ya yi fes. An nome shi tas, an tayar da kunyoyi a jere. Mata biyar na wanke hannu, Lauratu na tsaye da fartanya a kafaɗa, zufa na zuba.

"Gayya muka yi miki, ƙanwata! Mun ga hidimar tsoho ta sha miki kai. Gobe ki zuba kuɓewa. Wani mai farin ruwa can a kusurwa shi ya ba mu wuya, sai da muka haƙo shi har saiwa."

Tabita ta kai ido kusurwar, babu ko ganye ɗaya. Ta dubi matan, duk sun bar aikin gidajensu saboda ita.

"An gode, Yaya," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

Da suka watse ta nufi turken awaki, inda aka zuba ciyawar. Ta durƙusa tana tonawa da hannu biyu. Saiwoyin an tauna su. Ganye ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ta tsinto, duk an tattake.

"Mi kike nema cikin kashin awaki?" Lauratu ce a bayanta.

Nan Tabita ta faɗa mata, a hankali, ba ta ɗago ba. Lauratu ta saki fartanyar.

"Innalillahi! Haba Tabita, don mi ba ki faɗa ba? Wata uku muna gida guda!" Sannan ta ce, "Zan sa a nemo miki a gonakin daji."

Su biyun sun san babu mai shiga gonakin nan yanzu. Ko an samo ma, ba na bayan ɗakin Inna ba ne.

Tabita ta wanke ganyen sau uku, ta tafasa, ta matse. Ya koma bai fi ƙwan kaza ba. Ta kwaɗa shi a ƙaramin kwano, ta kai wa Baba Ubale, ta koma bakin ƙofa ta durƙusa.

Ya shinshina. Ya ɗiba da yatsu biyu ya sa a baka, ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe.

"Shi ne," ya ce. "Ita takan ƙara barkono, amma shi ne." Ya sake ɗiba. "Ɗiyata, gobe ma a yi mani. Da saura a bayan ɗakin ko?"

Tabita ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

Tsohon ya dube ta, ya dubi kwanon. Loma ɗaya ta rage. Ya raba ta biyu da farcensa, ya ci rabi. Sauran ya jawo faifai ya rufe, ya tura ƙarƙashin gadonsa.