Tafkin Alhaji Ya Tashi

Rilwanu magini yana cikin ɗaura rodi a unguwar Luggere aka kira shi a waya, wai ya zo unguwar Makama yanzu-yanzu, Alhaji Najmuddeen na nemansa. Ko hannu bai wanke ba ya tari keke Napep.

Tun daga ƙofar baya ya ga abin. Tafkin wankan da ya zuba wa kankare a watan Maris ya ɗago daga ƙasa ta gefe guda, kusan taƙi ɗaya. Tayil ɗin da ke kewaye ya farfashe, bututu sun tsinke. Mutane sun taru, har da Madam Keturah, wadda ta yi alkawarin ba shi ginin azuzuwan makarantarta ranar Litinin.

"Ga ɓarawon simintin nan," in ji Alhaji. "Na tausaya maka don ɗan gudun hijira ne, ashe cuta ta kawo ka."

Rilwanu ya dubi Madam Keturah. Shekara goma ke nan da ya baro Mubi da cokalin gini kaɗai a jaka, ba shi da gida, ba shi da gona, sunansa ne ya ciyar da shi a garin nan. Yau za a yaga shi a gaban matar da za ta ba shi aiki.

Kuma ai ya gargaɗe su. Ranar da suke haƙa, da suka kai ƙafa shida, laka ta fito da danshi, ana tsakiyar zafi. Ya ce a bar rijiya ƙarama a gefe don janye ruwan ƙasa, kuma kada a kuskura a bar tafkin babu ruwa da damina. Bobboyi, ɗan wan Alhaji, wanda ya kawo zanen tafkin a waya daga Abuja, ya yi dariya ya ce wa baffan nasa, "Bappa, babu wannan a zane. Surutun leburori ne."

"Alhaji, wa ya kwashe ruwan tafkin?" Rilwanu ya tambaya.

"Mu muka kwashe," Bobboyi ya amsa. "Fenti za a yi saboda hotunan bikin Surayya 'yar Bappa. Sai mun nemi izininka?"

"A watan Agusta. Kogin Binuwai ya cika, fadama na bayan katangarku," in ji Rilwanu.

Bai jira amsa ba. Ya yaye tamfol ɗin da suka rufa saboda fenti, ya cire takalmi ya sauka ciki. Ya bi bango yana shafawa, kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya ɗaga tafin hannunsa.

"Madam, don Allah ki sauko ki taɓa."

Madam Keturah ta tattare zani ta sauka matakala biyu, ta shafa. "A bushe yake."

"To ku leƙa ramin da ya buɗe a waje."

Suka leƙa. Ruwa ne fal, har da kwaɗo.

"Da na ci siminti, da ruwan nan ya tsatso ciki, tafkin ya zauna inda yake," in ji Rilwanu. "Ko ɗigo bai shiga ba, shi ya sa ruwan ƙasa ya ɗauke shi kamar kwalekwale. Kun sa ni na gina jirgi, kun sauke masa kaya, yanzu kuna zagina don ya tashi."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya rufe baki da hula. Bobboyi ya shiga latsa waya.

Alhaji ya daɗe yana kallon ramin. Bai ba da haƙuri ba. Ya dai ce, "To Malam Rilwanu, yanzu yaya za a yi?"

"A duba zane," in ji Rilwanu.

Ya fito ya sa takalminsa. A bakin ƙofa Madam Keturah ta tsayar da shi.

"Filin makarantar nan tawa ma yana riƙe ruwa," ta ce. "Litinin ka fara zuwa ka duba ƙasar kafin a haƙa komai."