Tsumma a Cikin Taya

Motar ta ɗaga gabanta sama, ta yi tangaɗi, sannan ta kife a kan bayanta, tayoyinta huɗu suna ta juyawa a iska. Zakiyya ta saki maɓallin telekomand ɗin, abin da ake tuƙa motar da shi daga nesa, ta ja tsaki. Ta tattare zaninta ta hau tarin ɓaraguzan, ta ɗauko motar ta hure mata jar ƙasa. Tsawon abar duka bai wuce kamu biyu ba, amma tun hantsi take wahalar da ita.

Ta waiwaya wajen ƙofar gidansu. Babanta, Malam Abdulganiyu, yana nan a kujerarsa ta saƙar roba ƙarƙashin darbejiya, hannunsa na dama kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ko kallon inda take bai yi ba.

Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, daga Wagadugu zuwa tashar jirgin ruwa ta Lome, daga Lome zuwa Yamai. Da daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda. Baki ma ya dawo, ko da yake da nauyi. Hannun ne ya ƙi. Matar da ke koyar da motsa jiki a asibiti ta faɗa wa Zakiyya gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in bai riƙa aiki da yatsun nan ba, za su ƙage, kuma in suka ƙage shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Da suka dawo gida ya wurga shi bayan katanga da hannun hagu, ya ce shi ba jariri ba ne. Matarsa, Inna Maijidda, ta kawo masa wake a faifai ya tsince mata, ya tambaye ta ko ta manta wanda ta aura.

Kuma babu wanda zai zo ya yi masa faɗa. Tun da aka rushe wancan ɓangaren na unguwarsu ta Zango don a yi sababbin gine-gine, abokan shan shayinsa suka watse can bayan gari. Abin da ya rage a tsallaken titi sai kufai, tubali da fasassun bulo da guntayen siminti, tuddai-tuddai.

Kufan ne ya ba Zakiyya dabara. Wata rana a shagon intanet da ke kusa da rumfar wayar tarho inda take aiki, ta ga hotunan waɗansu Turawa, manya da gemunsu, suna tuƙa ƙananan motoci a kan duwatsu. Ta lura telekomand ɗin sanda biyu gare shi, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta juya kai. Dole sai da hannu biyu. Ta ce a ranta, mutumin da ya raina ƙwallo ba zai raina tuƙi ba. Ta sayi matattun motocin wasa guda biyu a wajen masu kayan gwanjon Turai, ta haɗa su suka zama ɗaya. Yau ce ranar da ta yi niyyar miƙa masa, ga shi motar ta ƙi hawa ko da bulo ɗaya.

Ta sa ta a buhu, ta ɗaure a bayan ƙaramin babur ɗinta, mobilet, ta nufi shagon Illiya mai gyaran rediyo a unguwar Tiendpalogo. Illiya ya yi wa babanta karen mota tun yana saurayi, kafin ya gane cewa zama a inuwa ya fi masa.

Ya buɗe cikin motar, ya leƙa, sai ya fashe da dariya har tabaransa ya zamo.

"Zakiyya, wannan injin daga ina?"

"Na abin busar da gashi ne, Kawu. Awa mai kitso ta ba ni. Na ga na asalin ba shi da ƙarfi."

"Wala! 'Yar direba ke nan. Ku kullum in an ce ƙarfi sai ku ji gudu. Wannan ai ba hawa za ta yi ba, tashi za ta yi." Ya jawo wani tsohon bidiyo daga ƙarƙashin tebur, ya kwance ɗan injin da ke tura kaset ciki, da haƙoransa na roba a jere. "Kin ga wannan? Tafiyar hawainiya gare shi, amma riƙe shi da yatsa ki ji. Ba ya tsayawa. Motar dutse abin da take so ke nan, ta tafi a hankali yadda kowace taya za ta samu inda za ta kama."

Ya ƙwanƙwasa batir ɗin da ta ɗaure a saman rufin.

"Wannan kuma lodin 'yan kasuwa kika yi mata. Nauyi a sama, dole ta kife. Sauke shi ƙasa, ki matso da shi gaba. In kin samu dalma ki naɗa a cikin ƙafafun gaba. Sannan ki ɗura gam a nan tsakiyar gatarin, don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare. In ba haka ba, da ɗaya ta rataya a iska, ita kaɗai za ta yi ta rawa."

"Tayoyin fa? Na ga sun yi laushi da yawa."

"Kar ki taɓa su. Laushin nan shi ne arzikinsu. Taya mai laushi rungumar dutse take yi, mai tauri kuwa tsalle take a kansa. Bon, kuma ki ji, abu ɗaya-ɗaya ake canzawa. Ki canza, ki gwada, sannan ki taɓa na gaba. In kika canza komai lokaci guda, ba za ki san wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba."

Yana ɗaure mata kayan a leda sai ya rage murya. "Maigida fa? Yaya hannun?"

Zakiyya ta girgiza kai kawai. Da safen nan ta ga ƙaramin yatsan da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa ciki.

"Allah ya sawwaƙe," in ji Illiya. "In na rufe shago zan biyo."

Bayan azahar ta shimfiɗa tabarma dab da kujerar babanta, ta baje kayan aiki kamar babu wani fili a duk Zango sai nan. Ta canza injin, ta gwada. Ta sauke batir, ta gwada. Ta ɗura gam, ta zauna jiran ya bushe tana shan zomkom ɗin da Inna ta kawo, ruwan gero mai tsami da sanyi. Malam Abdulganiyu yana ta kallon titi, amma Zakiyya 'yarsa ce, ta san lokacin da yake kallo da wutsiyar ido.

Da la'asar ta tsallaka da motar ta ajiye ta a gindin tudun da ya kayar da ita da safe. Ta tura sandar a hankali. Motar ta yi ƙara ƙasa-ƙasa ta fara rarrafe. Tayar gaba ta taɓa bulo, ta lotsa, ta kama, ta hau. Ta baya ta biyo. Haka ta yi ta bi, tubali bayan tubali, har ta tsaya a kan wani guntun dakali, gabanta a sama. Daɗi ya kama Zakiyya har ta yi 'yar guɗa, ta manta a bakin titi take.

Ta dawo da gudu ta durƙusa, ta miƙa masa telekomand da hannu biyu.

"Baba, gwada mana. Wannan ta tafiya, wannan ta sitiyari."

Ya dubi abin, ya dube ta. Maganarsa ta fito da nauyi amma sarai.

"Ni da na hau tudun Aledjo da lodin siminti, yanzu zan yi tuƙi da babban yatsa? Ɗauke mini."

Kuɗin da ta kashe bai dame ta ba, dabararta ce ta ƙare, kuma ba ta da wata a bayanta. Ta ɗauko motar ta ajiye a tabarma, ta fara tattara ƙusoshi tana ƙifta ido don kada hawaye ya zubo a gabansa.

"Miƙo ta nan," in ji shi.

Ta ɗora masa a cinya. Ya juya ta da hannun hagu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya gyaɗa kai ganin batir a ƙasa. Sai ya danna taya da babban yatsa. Yatsan ya nutse har ƙarfe.

"Innalillahi! Da wannan tayar kika fita?"

Duk wanda ya yi aiki da Malam Abdulganiyu ya san al'adarsa. Ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta da guntun ƙarfe, yana bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana sauraro. In taya ba ta amsa masa da ƙarar da yake so ba, ko mai kaya zai yi kuka, motar nan ba ta motsi.

"Baba, ai Kawu Illiya ya ce laushin ne yake…"

"Illiya! Illiyan da ya bar mini tayar baya ba iska muka kwana a garin Sinkanse? Shi zai koya mini taya? Maijidda! Kawo tsumma."

Inna ta leƙo daga zaure, ta dubi 'yarta, ta koma ta fito da tsohon ɗankwali a yayyage.

Zakiyya ta buɗe baki za ta ƙara bayani, sai ta ga abin da ke faruwa. Ya ɓamɓare tayar daga ƙarfenta da hannun hagu, ya yi ƙoƙarin cusa tsumman, tayar ta gangara ƙasa. Ta ɗauko masa. Ya sake, ta sake suɓucewa. Ya yi wata magana da ba ta dace da mai alwala ba. Daga nan, ba tare da ya duba ba, ya jawo hannun daman ya aza shi a kan tayar. Yatsun suka yi rawa, suka buɗe kaɗan, suka danne.

Ta miƙa hannu za ta taya shi riƙewa. Inna ta damƙe mata gefen mayafi ta baya, ta ja ta zauna.

Aikin ya ɗauki lokaci. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tayar ta faɗi sau ba adadi, kuma duk faɗuwa sai ya zagi wanda ya ƙera ta. Amma ya cusa ta farko har ta yi tauri kamar ɗanyen goro, ya kama ta biyu. Kafin ya gama ta huɗu inuwar darbejiya ta kai tsakiyar titi, ga Illiya ya iso a kan kekensa.

"Maigida, barka da yamma. Lafi bala?"

"Zo ka ga yadda ake taya," in ji Malam Abdulganiyu. "Zakiyya, kai ta."

Ta kai ta gindin tudun nan dai. Ta tura sanda. Motar ta rarrafa, tayar gaba ta bugi bulon farko, ta yi tsalle ta dawo. Ta sake matsawa, tayoyin suka yi ta karce siminti suna zamewa, motar ta karkace ta zauna a gefe. Bulon da ta haye ɗazu kamar wasa, yanzu ya gagare ta.

Illiya ya ɗauko ta, ya danna taya, idonsa ya fito.

"Kai! Wa ya cika wannan? Ai na ce miki…"

Zakiyya ta taka masa ƙafa, ta nuna masa kujerar da haɓa. Illiya ya duba. Hannun Maigida na dama yana kan guntun ɗankwalin da ya rage, yatsu uku sun riƙe shi gam, zare ya maƙale a farce. Illiya ya cire tabaransa ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Me ka ce mata?" in ji Malam Abdulganiyu.

"Na ce… ban san me ya hana ta hawa ba, Maigida."

"Ai ba za ka sani ba. Tsumma ne, yana lotsawa. Taurin bai isa ba. Sai an ciro shi duka, a yanka tsohon tib na cikin taya siri-siri a cusa."

Zakiyya ta san da robar tib motar ko tsakuwa ba za ta hau ba. Ta san kuma ciro tsumman nan daga tayoyi huɗu zai fi cusa shi wuya.

"Gaskiya ne, Baba," ta ce. "Akwai tsohon tib na mobilet a bayan ɗaki."

"To me kike jira? Ki haɗo da almakashi."

Ta kawo. Ya karɓi almakashin da hagu, ya kama robar, robar ta nannaɗe tsakanin ƙarafan ta ƙi yankuwa. Ya gwada kuma, ta ƙi. Ya ja dogon tsaki. Sai ya ɗaga hannun daman, ya zura babban yatsan a rami ɗaya, ya kama manuniya da na tsakiya ya zura su a ɗayan.

"Riƙe mini bakin nan, ki ja da kyau," ya ce.

Ta riƙe. Almakashin ya buɗe da kyar, ya rufe da kyar. Yankan farko ya fito a karkace.

"Wannan bai yi ba," in ji shi. "Matso da shi a sake."